Inji Da Sola Ba Su Isa Ba: Martani Ga Mai Cewa Kowace Hukuma Ta Ji Da Kanta

Na karanta makalar da wani babban yayanmu a fagen rubutu ya fitar kan yadda asibitoci, hukumomin ruwa da sauran ma'aikatun da rayuwar jama'a ta rataya a wuyansu za su ci gaba da aiki idan masifa ta sauka. Malam ya kafa hujja da duhun da ya lulluɓe Arewa a watan Oktoban 2024, ya kuma tsaya kan magana guda: kowa tasa ta fisshe shi. Asibiti ya kafa sola, ya haƙa rijiyar burtsatse, ya ajiye injin janareta biyu. Hukumar ruwa ta nemi wutarta, kamfanin sadarwa ya nemi tasa. A ganinsa, zaman tsara shirin ko-ta-kwana tsakanin hukumomi ɓata lokaci ne, ba ya haifar da komai sai taron bita a otal, alawus, da kundin da za a jefa a durowa a manta.

Ina ganin girman Malam, na kuma san daga inda takaicinsa ya taso. Duk wanda ya ga yadda ake kafa kwamiti bayan kowace gobara da kowace ambaliya, ba a sake jin ɗuriyarsa, dole ransa ya ɓaci. Sai dai maganin da ya kawo, idan aka mai da shi manufa, zai bar mu da hukumomin da kowace ke ganin ta gama shiri, alhali ranar da abin zai zo tare za su durƙushe. Rayukan mutane ne a ciki, shi ya sa ban ga dacewar yin shiru ba.

Mu fara da misalin da shi da kansa ya kawo. Tun kafin wannan duhu an lalata turakun layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, babbar hanyar da wuta ke bi ta shigo Arewa, kuma kamfanin dakon wutar lantarki na ƙasa, TCN, ya ce rashin tsaro ya hana injiniyoyinsa zuwa gyara. Nauyi ya koma kan layin da ya taso daga Ugwuaji a jihar Inugu ya bi ta Apir a Binuwai. Ranar 21 ga Oktoba shi ma ya faɗi, mafi yawan jihohin Arewa suka shafe kusan kwana goma babu wuta. Abin da ya tsayar da gyaran layin farko yana hannun wata hukuma daban: sai jami'an tsaro sun share hanya sun ba da rakiya kafin injiniya ya hau turke. Ashe misalin da Malam ya ɗauko don ya nuna rashin amfanin haɗin gwiwa, shi kansa labari ne na hukumar da aikinta ya tsaya saboda tana jiran wata.

To a ce an gina asibitin da Malam yake so, da sola da burtsatse da inji biyu. Wuta ta ɗauke, an tayar da inji. Injin nan man gas yake sha, man kuma tanka ce ke kawo shi daga defo mai nisa, ta kan titin da ka iya yankewa ko ya zama ba ya biyuwa. Dillalin man ba zai sauke ba sai ya ga kuɗi, kuɗin kuma sai an yi tiransifa, tiransifa sai da sabis. Turken sadarwar da ke ba da sabis ɗin shi ma da man gas yake aiki, kuma akasarin turakun ba na MTN ko Airtel ba ne, na kamfanoni ne irin su IHS, waɗanda su ma suna da nasu 'yan kwangilar kai mai. Ma'aikaciyar jinyar da za ta karɓi aikin dare tana bukatar abin hawa da kuɗin mota a hannu. Jinin da ke cikin firji dole ya zauna tsakanin digiri 2 da 6, allurar rigakafi tsakanin 2 da 8, kuma ba a asibitin ake haɗa su ba. Mai wankin ƙoda yana bukatar fiye da lita 100 na tataccen ruwa a zama guda, sau biyu ko uku a mako, ga kayan aikin da ake shigo da su daga waje. A cikin duk wannan jerin, abin da ke cikin katangar asibitin kaɗan ne.

Akwai kuma abin da Malam bai duba ba. A ranar da komai ke tafiya daidai, injin asibiti tanadi ne mai kyau. A ranar da wuta ta ɗauke a jihohi da yawa lokaci guda, asibiti da banki da matatar ruwa da gidan rediyo da masana'anta da turken sadarwa duk za su tayar da inji a sa'a ɗaya, su nufi dillalan mai guda, a gari guda. Kowace hukuma ta rubuta a takardarta cewa tana da mai kawo mata mai, ba tare da sanin cewa mutum ɗaya ne ya yi wa su goma alƙawari ba. Idan man ya yi ƙaranci, wa za a fara bai wa? Idan ba a yanke wannan tun da wuri ba, kasuwa ce za ta yanke, kasuwa kuwa mai kuɗi a hannu take bi. Otal zai samu, ɗakin haihuwa ya jira.

Ba na jayayya da sola. Ina cikin masu kiran a kafa ta a kowane asibiti, kuma ta ceci rayuka a ɗakunan haihuwa da wuraren adana rigakafi. Amma fitila da firji daban, injin haɗa iskar oksijin da na'urar dafa kayan tiyata daban. Manyan famfunan da ke tura ruwa daga Tamburawa da Chalawa zuwa cikin birnin Kano sun fi ƙarfin 'yan faranti a kan rufi. Ko da an ba matatar wutarta, sinadaran tace ruwa irin su kulorin a mota suke zuwa. Idan famfo ya ƙafe, gari ya koma kan 'yan garuwa, su kuma daga burtsatsen da ke bukatar wuta suke ɗebowa, shi ya sa kuɗin jarka ke tashi duk lokacin da duhu ya daɗe. 'Yan kwana-kwana ma da ruwan nan suke kashe gobara.

Kada a ɗauka wannan ciwon talauci ne. A watan Fabrairun 2021 sanyi mai tsanani ya faɗa wa jihar Texas ta Amurka, cibiyar man fetur da iskar gas ta ƙasar. Da tashoshin wuta suka fara tsayawa, aka umarci kamfanonin rarraba wuta su yanke wa wasu yankuna don kada layin ya rushe baki ɗaya. Cikin wuraren da aka yanke wa har da rijiyoyi da injinan tura iskar gas, iskar da tashoshin wutar ke ƙonawa. Wuta ta yanke gas, gas ya ƙara yanke wuta. Da aka bincika, sai aka tarar da yawa daga cikin wuraren gas ɗin ba su cike takardar da za ta sa su cikin jerin waɗanda ba a yanke wa wuta ba. Fiye da gidaje miliyan 4 suka shiga duhu, hukumomin jihar suka ƙirga mutum 246 da suka rasu. Kowane kamfani a cikinsu yana da shirinsa na kansa. Abin da aka rasa shi ne zaman da mai gas da mai wuta za su yi su gane cewa kowa yana riƙe da numfashin ɗan'uwansa.

A birnin New York kuwa, lokacin guguwar Sandy a watan Oktoban 2012, manyan asibitocin NYU Langone da Bellevue suna da injinansu a saman bene, sai dai tankunan mai da famfunan tura shi suna ƙarƙashin ƙasa, inda ruwa ya shiga. A Bellevue sai da mutane suka yi layi a matattakala suna miƙa wa juna mai har hawa na 13. A ƙarshe aka kwashe ɗaruruwan marasa lafiya. Abin da ya cece su shi ne motocin ɗaukar marasa lafiya na wasu, gadajen wasu asibitoci, da dakarun da suka ɗauko mutane a matattakala. Ranar da tanadin gida ya gaza, tanadin maƙwabci ne ya rage.

Ba sai mun tsallaka teku ba. A daren 9 zuwa wayewar garin 10 ga Satumban 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya mamaye Maiduguri, shekara 30 bayan irin wannan ta faru a 1994. Ruwa ya shiga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri da Asibitin Ƙwararru na jiha, ya shiga Kasuwar Monday da fadar Shehu, ya lalata gadoji ya raba gari. Katangar gidan yari ta faɗi, hukumar gidajen gyaran hali ta ce fursunoni 281 sun tsere. Madatsar da ta ɓalle ita ce ke ba matatar ruwan birnin ruwa. A farkon Oktoba gwamnatin Borno ta sanar da ɓarkewar kwalara. Malam, wane inji ne zai tashi a cikin ruwa? Wace burtsatse ce za a sha ruwanta bayan masai ya haɗe da ita? Abin da asibitocin nan suka fi bukata a daren shi ne labari da wuri daga masu kula da madatsa, sanin inda za a mai da masu jinya, da sanin wanda ke da kwale-kwale da manyan motoci. Ba a sayo ko ɗaya daga cikin waɗannan da kwangila a ajiye a sito. Sai an zauna an tsara.

Maiduguri ta koya mana wani darasin tun kafin ambaliya. A watan Janairun 2021 mahara suka tarwatsa turakun layin Damaturu zuwa Maiduguri, aka gyara, suka sake tarwatsawa. Aka gina wa birnin tashar wutarsa mai ƙarfin megawat 50, aka buɗe ta a watan Maris na 2023. Wannan shi ne irin dogaro da kai da Malam yake kira a kai, kuma aiki ne da ya cancanci yabo. Amma iskar gas ɗin da tashar ke amfani da ita a manyan motoci ake kawo ta daga nesa. An rage dogaro da turke, an ƙara dogaro da titi, da direbobi, da jami'an tsaron hanya. Dogaron bai gushe ba, wuri ya canja.

Hujjar Malam ta biyu ita ce shirin haɗin gwiwa takarda ce kawai. Wanda ya saba gani, haka yake. Amma mugun gini ba ya zama dalilin kwana a waje. Shiri na gaskiya ba ya bukatar otal, kuma abin da ke cikinsa ba shi da yawa. Kowace hukuma za ta fito da ayyukan da idan suka tsaya za a rasa rai, ta faɗi gaskiya kan sa'a nawa za ta iya jurewa babu wuta, babu ruwa, babu mai, babu waya. Daga nan a baje waɗannan amsoshi a kan tebur ɗaya. A nan ne za a gano cewa asibiti da matatar ruwa suna kan layin wuta guda, ko gada ɗaya ce ta haɗa defon mai da rabin gari, ko kamfani ɗaya ne ke kai wa asibitoci biyar oksijin. Sai a yanke jerin fifiko a rubuce: layin da kamfanin rarraba wuta irin KEDCO zai fara mayarwa idan wuta kaɗan ta samu, wuraren da dillalan mai za su fara kai wa ko da bashi ne, hanyar da za a fara buɗewa, ayarin da 'yan sanda za su fara raka wa. A ƙulla yarjejeniyar aron jini, oksijin, tankar ruwa da gadaje tsakanin asibitin tarayya, na jiha da masu zaman kansu. A tanadi rediyon oba-oba da wurin haɗuwa da kowa ya sani, don ranar da waya ba ta shiga. Sannan a yi atisaye: a kashe wuta da gangan, a ga ko inji zai tashi, a kira lambobin da ke takarda a ga ko akwai mai ɗauka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ingila ta mai da wannan doka tun 2004. Dokar ta wajabta wa 'yan sanda, 'yan kwana-kwana, hukumomin lafiya da ƙananan hukumomi na kowane yanki su riƙa zama tare, ta kuma wajabta wa kamfanonin wuta, ruwa, waya da sufuri su ba da haɗin kai da bayanai. Duk da haka, ambaliyar watan Yulin 2007 a yankin Gloucestershire ta nuna musu giɓi. Ruwa ya ci matatar Mythe, kimanin mutum 350,000 suka rasa ruwan famfo, wasu har kwana 17. Tashar wutar Walham saura ƙiris ta nutse, sai da sojoji, 'yan kwana-kwana da ma'aikatan hukumar muhalli suka kwana suna kafa mata shinge. Rahoton binciken da Michael Pitt ya jagoranta, wanda ya fito a 2008, bai ce kowa ya koma ya ji da kansa ba. Ya nemi a ƙara musayar bayanai, don masu agaji su san tun da wuri wuraren da faɗuwarsu za ta jawo faɗuwar saura. Ba ina cewa mu kwafo tsarinsu ba ne. Muna da hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, tun 1999, jihohi suna da nasu, SEMA, akwai lambar gaggawa ta 112. Matsalar ita ce mun mai da waɗannan hukumomi masu rabon shinkafa da tabarma bayan an yi ɓarna, alhali babban aikinsu shi ne haɗa kan masu ruwa da tsaki kafin a yi ta.

Hujjarsa ta uku ita ce babu kuɗi. A nan ne lissafin ya fi ba ni mamaki. Sola mai ɗaukar babban asibiti da batiranta kuɗi ne mai nauyi. Zaman da manajan hukumar ruwa, shugaban asibiti, injiniyan kamfanin wuta da shugaban dillalan mai za su yi a ofishin sakataren gwamnati bai kai kuɗin batir ɗaya ba. Kuma zaman ne zai nuna inda ya kamata a fara kashe ɗan abin da ake da shi. Ta yiwu tiransifoma guda a matatar ruwa ta fi inji goma a ma'aikatu amfani, amma babu hukumar da za ta gane haka tana duba littafinta ita kaɗai.

Sannan akwai maganar adalci, wadda ita ta fi damuna. Idan aka ce kowa tasa ta fisshe shi, an san waɗanda za su fita. Asibitin koyarwa zai samu tallafi, asibitin kuɗi zai ƙara wa majinyata farashi, banki zai sayi mai ko nawa ne. Ƙaramin asibitin mazaɓa a ƙauye, mai ma'aikata biyu da firjin rigakafi guda, ba shi da abin da zai fisshe shi. Nan ne kuwa matar talaka ke zuwa haihuwa. Shirin haɗin gwiwa shi ne kaɗai wurin da za a rubuta sunan wannan asibiti, a ce idan wuta ta wuce kwana kaza a kwashe rigakafinsa zuwa wuri kaza, mai naƙudar da ta gagara a kai ta asibiti kaza da motar wane. Manufar Malam ba ta bar wa wannan mata komai ba, na kuma tabbata ba haka yake nufi ba.

Wani abin da makalar ta tsallake shi ne, da yawa daga cikin tsaikon da muka sha ba daga sama suka faɗo ba, a ofis aka yanke su da rana tsaka. A watan Satumban 2021 aka rufe layukan sadarwa a Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, daga baya aka haɗa da wasu ƙananan hukumomin Katsina, Sakkwato da Kaduna. A farkon 2023 canjin kuɗi ya janyo ƙarancin takardun naira, mutane suka tsaya a gaban kantin magani da kuɗi a asusu ba su iya biya. A watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin Yamai, Najeriya ta yanke wa Nijar wuta, ƙasar da a lokacin take samun kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinta daga nan, ba a mayar ba sai a watan Maris na 2024. A 2024 kamfanin rarraba wuta na Ibadan ya yanke wa asibitin koyarwa na UCH wuta saboda bashi. Ko mutum ya goyi bayan waɗannan matakai ko bai goya ba, kowanne akwai wanda ya san ranar da zai fara aiki. Da akwai teburin da doka ta ce sai an zauna a kansa, da an tambaya tun kafin a sa hannu: yaya mai naƙuda za ta kira mota, yaya asibiti zai karɓi kuɗi, ina za a kai jinin da ke firji? Inji ba ya yin waɗannan tambayoyi. Ko a tsaikon da ba a ofis aka yanke ba, inji bai isa ba: ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankunan da ke da wutarsu tsaf sai da harkokinsu suka tangaɗa, domin abin da ya katse yana can cikin teku.

Saboda haka kirana ga Malam shi ne ya juya alƙalaminsa, mai kaifi da tasiri, zuwa inda zai fi amfani. Kada ya ce a daina zama, ya ce a daina zaman banza. Gwamna ne kaɗai a jiha ke da ƙarfin da zai kira hukumar tarayya, kamfani mai zaman kansa, jami'an tsaro da masarauta su amsa a rana guda. Majalisun jihohi su yi dokar da za ta wajabta wannan zama aƙalla sau biyu a shekara, ɗaya kafin damina, da atisaye guda da za a bayyana wa jama'a sakamakonsa. A sa ƙungiyar direbobi, dillalan mai, gidajen rediyo, hakimai da masu unguwanni a ciki, domin su ne ke isa wurin kafin motar gwamnati. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu, don haka za su iya rubuta wa kamfanoni sharaɗin cewa ba a yanke wa asibiti ko matatar ruwa wuta sai an bi matakan da aka amince da su.

A sayi inji, a kafa sola, a haƙa burtsatse, duk ina goyon baya. Amma duk shugaban asibitin da ya ce ya gama shiri, a tambaye shi kwana nawa mansa zai kai, wa zai kawo masa wani idan hanya ta yanke, kuma wane asibiti ne ya amince a rubuce zai karɓi majinyatansa. Idan amsar ta tsaya a bakin ƙofarsa, bai shirya ba, kuma waɗanda ke kwance a gadajensa ne za su biya kuɗin wannan sakaci.